Sabuwar waya ba ta da ramin iyafis, adafta kuma ta ƙi aiki

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana waya ku taimaka min. Na canza waya makon jiya, sai da na dawo gida na juya ta sama da ƙasa na ga ashe ba ta da ramin iyafis ko ɗaya, kafar caji ce kawai. Ni kuma ina da wani hedifon mai igiya da ya fi shekara shida a hannuna. Soson kunnensa na hagu har ya yage na ɗinke shi da baƙin zare, amma wajen sauti ba ni da abin cewa. Da shi nake sauraron karatu da daddare in yara sun yi barci. Na sayo 'yar adaftar nan mai kan USB-C na sa, sai wayar ta rubuto min wai ba ta karɓar irin wannan na'urar, sautin kuma ya ci gaba da fita ta sifika. Na cire na mayar ya fi sau goma. Wayar ce ke da matsala, ko adaftar, ko hedifon ɗin?

Ɗan Zamani: Wa alaikumus salam. Hajiya ki hutar da kanki ki sayi na Bluetooth. Wa ke yawo da igiya yanzu?

Ummi Ɗaliba: Anti ki kashe wayar ki kunna. In bai yi ba ki mayar da ita saitin kamfani, wata ƙawata haka ta yi.

Malam Mai Gyara: Ummi, a'a. Kada ta goge wayarta a kan wannan, hotunan yara ne kawai za su tafi, matsalar tana nan daram. Maman Ilham, wannan rubutun da wayar ta nuna miki ya gama ba da amsa. Lafiyar wayarki ƙalau, lafiyar hedifon ɗinki ƙalau. Adaftar ce ba irin wadda wayarki ke so ba.

Maman Ilham: Malam, ashe iri-iri ne? Ni duk iri ɗaya nake ganinsu, farar igiya 'yar guntuwa.

Malam Mai Gyara: A ido iri ɗaya ne, shi ya sa mutane ke ta faɗawa. Bari in yi miki dalla-dalla. Karatun da ke cikin wayarki lambobi ne a ajiye. Hedifon kuwa bai san lamba ba, wutar lantarki mai hawa da sauka kawai ya sani, ita ke kaɗa 'yar fatar da ke cikinsa ta ba da sauti. To dole a sami mai fassara a tsakani, wani ɗan ƙaramin cif da ake kira DAC. A wayar da ke da rami, wannan cif ɗin yana ciki, a bayan ramin. Da aka cire ramin sai kamfanoni suka rabu gida biyu. Wasu suka bar hanyar da fassararren sauti zai biyo ta kafar caji, irin waɗannan adaftarsu waya ce zalla, ba komai a cikinta. Wasu kuma suka toshe wannan hanyar, lambobi kawai ke fita ta kafar, don haka dole adaftar ta zo da nata cif ɗin. Wayoyin Pixel da manyan Galaxy da ba su da rami duk na rukuni na biyu ne. Ke an ba ki marar cif, wayarki kuma mai cif take nema.

Maman Ilham: Ikon Allah. Kuma mai shagon ce min ya yi tana aiki a kowace waya.

Malam Mai Gyara: Wataƙila shi ma bai sani ba. Ya gwada a tasa ta yi, shi ke nan.

Abu Hanan: Malam ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara: mai cif ɗin kusan kowace waya mai USB-C tana ɗauka, domin Android ya iya fitar da sauti ta USB tun fitowa ta 5.0 a 2014. Marar cif ce mai zaɓen waya. Saboda haka in mutum bai san irin wayarsa ba, ya nemi wadda aka rubuta DAC a kwalinta kawai.

Ummi Ɗaliba: To idan an rubuta a kwali amma ƙarya ce fa? Ai ba za ka fasa ta ka leƙa ba.

Abu Hanan: Akwai gwaji mai sauƙi. Ki cusa hedifon a adaftar tukuna, sannan ki soka ta a kwamfuta mai kafar USB-C. In akwai cif, kwamfutar za ta nuna an haɗa sabuwar na'urar sauti. In shiru kike ji, waya ce zalla. Amma mafi sauƙi ki tafi da wayar da hedifon ɗin, a gwada a gabanki kafin ki miƙa kuɗi. Gani ya kori ji.

Ɗan Zamani: Duk wannan dogon lissafin don a ji sauti? Cif, marar cif, kwamfuta. Ni ina buɗe akwatin nawa suke haɗuwa da waya. Tun 2016 Apple ya cire ramin nan daga iPhone 7, ku har yanzu kuna zaman makoki.

Baba Mai Rediyo: Ɗana, ba makoki muke ba. Abin da ke aiki ne ba ma son a raba mu da shi. Hedifon ɗin Maman Ilham ya shekara shida. Naka na kunne nawa ka canza a shekara shida?

Ɗan Zamani: Baba, uku ne. Amma ɗaya faɗuwa ya yi.

Baba Mai Rediyo: Sauran biyun fa?

Ɗan Zamani: Batir.

Baba Mai Rediyo: Madalla. Mai igiya ba shi da batirin da zai mutu. In igiyar ta tsinke, Malam Mai Gyara zai ɗora ta da dalma cikin minti biyar. Naka kuwa batirin manne yake a ciki, ranar da ya gaji sai shara. Kuma ka tuna a taron da aka nuna iPhone 7 ɗin, a nan aka nuna AirPods. Ban ce komai ba, na dai tuna maka.

Ɗan Zamani: Baba ai ba Apple ne ya fara ba. Moto Z ya riga shi fitowa babu rami a wannan shekarar. Google ya bi a 2017 da Pixel 2, Samsung ya bi a manyan wayoyinsa a 2019 da Note 10. Duk kamfanonin nan ba za su haɗu a kan ɓata ba. Wuri suke nema a cikin waya don batir da kyamara, kuma rage rami yana sauƙaƙa hana ruwa shiga.

Malam Mai Gyara: Maganar wuri akwai ƙamshin gaskiya, ni da nake buɗe waya kullum na san gidan jak ɗin, wato ramin iyafis, yana cin fili. Amma ta ruwa ban yarda ba. Galaxy S7 zuwa S10 duk suna da rami kuma duk suna jure ruwa. Sony ma ya cire ramin, sannan ya dawo da shi a 2020. Da abin ba ya yiwuwa da bai dawo ba.

Admin: Jama'a a taimaki mai tambaya tukuna, a yi faɗan kamfanoni daga baya.

Yaya Babba: Tunda an buɗe zancen, ni ma ga tawa. Wayata tana da ramin, ba na buƙatar adafta. Amma akwai wani tsohon iyafis da na tsinta a durowa, na wata tsohuwar wayata ta shekarun baya. In na sa shi sai in ji muryar mai magana ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, kiɗan baya kawai ke fitowa. Abin mamaki, in na danne maɓallin amsa kira na riƙe, sai sautin ya dawo garau. Ina saki ya koma rijiya. Aljanu ne?

Malam Mai Gyara: Hahaha, Yaya ba aljanu ba ne, na san wannan ciwon. Ɗauko shi ka dubi ƙarfen bakinsa. Zobe nawa ka gani, waɗannan siraran layukan roba?

Yaya Babba: Uku.

Malam Mai Gyara: Yawwa. Zobe uku yana raba ƙarfen gida huɗu. Na can tsini kunnen hagu, mai bi masa kunnen dama. Sauran biyun, ɗaya na makirfo ne, ɗaya kuma shi ne hanyar da wuta ke komawa. A nan aka sami saɓani. Tsofaffin Nokia da Sony Ericsson sun bi tsarin da ake kira OMTP, makirfo a gida na uku, hanyar komawa a gindi. Wayoyin yanzu kusan duka suna bin CTIA, wanda ya juya su: hanyar komawa a na uku, makirfo a gindi. To ka sa na tsohon tsari a sabuwar waya, wutar ta rasa hanyar komawa sai ta cikin makirfo. Abin da kunnuwan biyu suka yi tarayya a kai, wato muryar da ke tsakiya, shi ke ɓacewa. Maɓallin da kake dannawa aikinsa haɗe waɗannan gidaje biyun, shi ya sa kana dannawa hanya ke buɗewa.

Yaya Babba: Allahu Akbar. Wata uku ina ɗaure maɓallin da robar kuɗi.

Malam Mai Gyara: Akwai 'yar adafta mai juya su, amma sai dai in iyafis ɗin yana da daraja a wurinka.

Maman Ilham: Na duba nawa, zobe biyu ne. Matsala ce?

Malam Mai Gyara: Ko kaɗan. Zobe biyu na nufin hagu da dama kawai, babu makirfo. Shi ne ma marar rigima, yana shiga ko'ina. In an kira ki za ki ji ta hedifon, ki yi magana ta makirfon wayar.

Abu Hanan: Maman Ilham, wata tambaya kafin ki sake kashe kuɗi. Hedifon ɗin babba ne mai rufe kunne? Ki duba jikinsa ko kwalinsa in yana nan, ko an rubuta wata lamba da alama kamar takalmin doki a gefenta.

Maman Ilham: Mai rufe kunne ne. A cikin maɗaurin kan an rubuta 32 da wannan alamar.

Abu Hanan: Shi ke nan, kin tsira. Om 32 ke nan, wato ma'aunin yadda hedifon ke tare wutar lantarki, kowace adafta mai cif za ta iya da shi. Na tambaya ne don mu masu aikin haɗa sauti muna da masu om 250 da 300, har 600 akwai. Sennheiser HD 600 om 300 ne, DT 770 na Beyerdynamic kuma ana yin sa a 32 da 80 da 250. Irin waɗannan masu nauyin in ka sa su a ƙaramar adafta za ka ƙure ƙara amma ka ji kamar ana yi maka raɗa. Ba lalacewa suka yi ba, ƙarfin wutar ne bai kai ba, sai an haɗa da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Kuma da yawansu da babban baki suke zuwa, mai milimita 6.35, ba 3.5 na waya ba. Sau da yawa in ka murɗa babban sai ya kwance, ƙaramin yana ciki. Na taɓa ganin wanda ya yi wata guda yana neman adafta alhali tana manne a bakin igiyarsa.

Baba Mai Rediyo: Wannan babban bakin ya girmi kakan kowa a nan. Daga allon haɗa kiran tarho na ƙarni na 19 ya samo asali, lokacin da ma'aikaci ke zare igiya ya soka a wani rami don ya haɗa mutum biyu. Ƙaramin kuma Walkman na Sony ne ya yaɗa shi a duniya daga 1979. Abin da ya yi wannan daɗewar, yau ka sayi hedifon a kowace ƙasa ka soka a rediyon kowace ƙasa ya yi, shi ne aka ce ya tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Zamani: Baba, fitilar ƙwai ma ta daɗe.

Baba Mai Rediyo: Ta daɗe, kuma ran da aka ɗauke wuta ka san inda take.

Ummi Ɗaliba: Ni dai ina bayan Ɗan Zamani a abu ɗaya. Igiya tana maƙalewa a hannun ƙofa ta fizge kunne. Kuma adaftar nan ɓata take kamar allura.

Abu Hanan: Ki bar ta a bakin hedifon ɗin kullum, kada ki riƙa cire ta. Amma Ɗan Zamani, ga inda naka ba ya zuwa. Bluetooth sai ya matse sautin, ya aika, na kunnen ya warware, wannan yana ɗaukar lokaci. A kallon bidiyo ba ka lura domin manhajar tana jinkirta hoton ya jira sautin. Amma ka gwada ɗaukar murya kana sauraron kanka, ko ka buga wasan da ake harbi. Za ka ji muryarka tana biyo ka a baya kamar amsa-kuwwa. Igiya ba ta da wannan. Sannan da zarar ka kunna makirfon na Bluetooth, yawancinsu ingancin abin da kake ji ma faɗuwa yake, ya koma kamar kiran waya.

Ɗan Zamani: Wannan na yarda, a wasa ina jin jinkirin. Amma Hajiya karatu take ji, ba harbi take ba.

Maman Ilham: Ƙanena, karatun ma in na kwanta da shi sai barci ya ɗauke ni. Na kunne ɗaya zan farka in tarar a ƙarƙashin gado, ko a bakin Ilham.

Ɗan Zamani: To na sallama a nan.

Malam Mai Gyara: Wani abu da na manta. Wasu wayoyin, irin su Oppo da Realme, suna da wani maɓalli a saiti mai suna OTG. In a kashe yake, ko adaftar mai cif ce wayar ba za ta gan ta ba. Kuma yana kashe kansa in an yi minti goma ba a soka komai ba. Mutum ya sayi adafta mai kyau, ta yi aiki yau, gobe ta ƙi, ya ce jabu ce, alhali maɓalli ne. A shiga saiti a rubuta OTG a wurin bincike.

Yaya Babba: Malam, ta kamfanin Apple fa? An ce tana da kyau. Tana yi a Android?

Malam Mai Gyara: Mai kan USB-C ɗin tana da cif kuma sautinta tsaf. Tana yi, sai dai a wasu wayoyin Android ƙararta ba ta kaiwa yadda take kaiwa a iPhone ko iPad. A kula kuma, akwai mai kan Lightning, wadda ta iPhone 14 zuwa ƙasa ce. Daga iPhone 15 na 2023 suka koma USB-C. Kada a sayo wa mai Android ta Lightning, ba za ta ma shiga ba.

Baba Mai Rediyo: Ni tambayata ɗaya, kuma ita ce ta hana ni canza waya. Rediyon FM. A wayata in ban sa iyafis ba ba ya kamawa, domin igiyar ita ce eriya. In na koma waya marar rami na sa adafta, zai kama?

Malam Mai Gyara: Baba, a nan labarin ba daɗi. Da adafta mai cif, igiyar hedifon a cif ɗin take tsayawa, ba ta isa cikin wayar, don haka ba za ta zama eriya ba. Ga shi kuma yawancin manyan wayoyin da suka cire ramin ba sa ma zuwa da rediyon FM, sai dai ka ji tasha ta intanet ka ƙona data. In rediyo ne rayuwarka, ka tsaya a waya mai rami. Har yanzu ana yin su da yawa, musamman masu matsakaicin kuɗi.

Baba Mai Rediyo: To ni da wannan wayar sai mutuwa ta raba.

Ummi Ɗaliba: Ni kuma tawa mai ramin ce, amma kwana biyu sai na riƙe bakin iyafis ɗin na karkata shi kafin kunne ɗaya ya yi. Wani lokacin ma in na cire, wayar tana nuna alamar hedifon a sama, sifika ta yi shiru.

Malam Mai Gyara: Cire rigar wayar tukuna ki gwada, wasu rigunan suna hana bakin shiga har ƙarshe. In ba ita ba ce, haska tocila cikin ramin. Kashe wayar, ki sami tsinken sakace na itace ki fere shi siriri, ki shiga a hankali ki kewaya. Jiya na ciro wa wani dunƙulen zaren aljihu ya kai ƙwayar shinkafa, ya danƙare a ƙasan ramin kamar an kirɓa shi. Mutumin ya zo da niyyar canza jak gaba ɗaya. Ban da allura, ban da fil, ban da ruwa.

Ummi Ɗaliba: Innalillahi. Malam ka ga abin da ya fito? Har da ɓawon wani abu. Ya yi yanzu, kunne biyu.

Maman Ilham: Malam, wata tambayar. Tunda kafar ɗaya ce, in ina sauraro ba caji ke nan?

Malam Mai Gyara: Akwai mai baki biyu, ɗaya na caja ɗaya na hedifon. Sai dai a nan ne araha ba ta ado. Marasa kyan suna shigo da wani zuuu na caja cikin kunne, wasu kuma suna rage saurin caji. Ni shawarata ki yi caji kafin dare, ki sayi mai baki ɗaya mai kyau. Tana ɗan jan batir, amma ba abin da za ki damu da shi ba. Kuma in kin kwanta kada ki bari nauyin wayar ya hau kan adaftar, kafar caji in ta yi sako-sako gyaranta ya fi na jak wahala.

Abu Hanan: Kuma tunda da shi kike barci, a rage ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarar da babba zai saurara a desibel 80 na awa 40 a mako, yara kuma 75. Adafta mai cif wani lokacin ta fi tsohon ramin ƙarfi, kada ki fara da inda kika saba ajiye maɓallin.

Ɗan Zamani: Akwai hanya ta uku da ba wanda ya faɗa. Wata 'yar na'ura ce kamar akwatin ashana, mai karɓar Bluetooth, tana da ramin 3.5. Hajiya ta soka tsohon hedifon ɗinta a ciki, ita kuma ta haɗu da waya ba igiya. Ga hedifon ɗinta, ga kafar caji a sake.

Baba Mai Rediyo: Ka dawo da mu kan batir ta bayan gida.

Ɗan Zamani: Baba ai sulhu nake nema.

Malam Mai Gyara: Shawarar ba laifi, tana aiki. Abu ɗaya ne dai ya ƙaru da za a riƙa tunawa a yi wa caji.

Maman Ilham: Jama'a na dawo. Na koma da wayar da hedifon ɗin kamar yadda Abu Hanan ya ce. Mun gwada adafta uku a gaban mai shagon, biyu suka kawo wannan rubutun, ta ukun ina sokawa karatun ya koma kunne. Kanta ya ɗan fi na sauran kauri, kuma da na daɗe ina ji sai na ji ta yi ɗumi kaɗan. Mai shagon ya karɓi ta farkon ya ce shi ma yau ya sani. Allah ya saka da alheri, Malam. Ɗumin ba komai?

Malam Mai Gyara: Amin. Ba komai, cif ɗin ne ke aiki. In dai ba zafin da za ki kasa riƙewa ba ne, ki ƙyale ta.

Yaya Babba: Malam, ni fa na cire robar kuɗin, muryar ta koma rijiya. Me ka ce sunan adaftar da ke juya su?

Malam Mai Gyara: OMTP zuwa CTIA. Ka rubuta a takarda ka tafi da iyafis ɗin, in ka faɗa da baki za a miƙo maka ta USB-C.